Layin Gefen da Aka Ce Ya Yi Datti

Akwai wani dattijo a garinmu nan lardin Saskatchewan, sunansa Orest Bilak. Shekara talatin da takwas ya yi yana aikin gyaran layin dogo. Ba direba ba ne, ba kuma mai duba tikiti ba. Shi dai mutumin shebur ne da tsakuwa. In jirgi ya taɓa wucewa da ku kuna shan kofi bai zube muku a cinya ba, to irin su Orest ne suka wuni a rana suna dakan dutse a ƙarƙashin katakan layi.

Aikin ya sallame shi da tsaraba biyu: kunnen hagu da ba ya ji sosai, da hannuwa masu karkarwa. Injin dakan tsakuwa ne ya yi masa wannan aika-aika. In ya ɗauki kofi, rabi a baki, rabi a gaban riga.

Amma ba hannun ne ke damun Orest ba. Matarsa ce, Stella.

Ciwon mantuwa ya kama ta, har aka kai ta gidan kula da tsofaffi shekara biyu da suka wuce. Kullum da hantsi Orest yakan je. Sai ta dube shi da fara'arta ta ce, "Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?"

"Ke nake nema."

Sai ta yi dariya ta kaɗa masa yatsa. "Ka kiyaye ni fa. Ina da miji."

Shi ma yakan yi dariyar. Sai ya koma cikin motarsa ya zauna, ya daɗe bai tayar da ita ba.

Wata rana yana zaune kusa da ita, jirgin kaya ya yi kuka daga can nesa. Stella ta ɗaga kai firgigit. "Jirgin sha biyu ne! Abincin Orest!" Ta shiga laluben takalminta. Kafin minti ɗaya abin ya wuce, ta koma kallon taga.

Orest ya san inda ta je a wannan minti ɗin. Halbrook ta je, ƙauyen da suka yi zaman farko na aurensu. A can akwai layin gefe guda ɗaya a gindin dogon rumbun alkama, inda ake ajiye taragai ana loda musu hatsi. Kullum in jirgin sha biyu ya yi kuka, sai Stella ta fito da langa shuɗiya cike da perogi, wato dafaffen ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa, ta kai masa bakin layi. Shi kuma kullum sai ya manta langar a kan tarin kataki, ita kuma kullum sai ta yi masa faɗa.

To ina ma zai kai ta ta gani? Halbrook ta mutu. An tsige dogon, an rushe rumbun, wurin ya zama gona.

Sai Orest ya ce a ransa, tunda ba zai iya kai ta Halbrook ba, zai kawo mata Halbrook. Kuma ba hoto ba. Yana so ta ga jirgi yana tafiya a kai, ta ji kukansa.

Abin da ya shigar da shi ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ke nan.

Ku da ba ku san mutanen nan ba, kar ku kuskura ku ce musu wasan yara suke yi. Dattawa ne da furfura, suna taruwa a ɗakin jiran tsohuwar tashar jirgi. Kowa yana gina yankinsa a kan tebur mai tsawon ƙafa shida, da layinsa da gidajensa da itatuwansa, tarago bai fi tafin hannu ba. Sau ɗaya a shekara, a watan Nuwamba, sai a haɗa teburan baki da baki su yi zobe, a buɗe ƙofa gari ya zo kallo, jirgi yana zagayawa ta cikin yankin kowa.

Ɗakin yanki goma sha biyu yake ci. A wannan shekarar, da na Orest, sun zama sha uku.

Shugaban ƙungiyar shi ke zaɓen wanda zai shiga. Sunansa Hollis Crandall, tsohon likitan haƙori ne, kowa Likita yake ce masa. Gaskiya a faɗe ta, mutumin ya iya aiki. Hannunsa ko gezau ba ya yi. Kyaututtukan da ya ciyo a gasa sun cika bangon falonsa. Matsalarsa ɗaya ce: shi a ganinsa, bayan shi sai dai a yi haƙuri.

Tsakuwarsa ta kanti ce, fara tas, duk girmanta ɗaya. Da matsefata yake jera ta. Noreen Fehr, sakatariyar ƙungiyar, wadda ta yi shekara ashirin tana tuƙa motar 'yan makaranta kuma bakinta ba shi da birki, takan leƙa ta ce, "Likita, ka jera su kamar haƙoran roba."

Shi kuwa yabo yake ɗaukar maganar.

Orest bai sayi tsakuwa a kanti ba. Motarsa ya shiga ya tafi inda Halbrook take a da, ya roƙi mai gonar, ya ɗebo ƙasa da burbushin kwal daga tsohon gurbin layin. Ya gasa ta a tanda don ƙwari su mutu. Ya tankaɗe ta da rariyar Stella ta garin fulawa. Ya bi ta da maganaɗisu ya tsince burbushin ƙarfe, don kar ya shige cikin injin jirgin wani.

Babban layi ya yi masa tsakuwa mai kaifi, mai kafaɗa a gefe biyu yadda ruwa zai gangare. Layin gefen kuwa baƙi ƙirin ya yi shi, rabin katakan sun nutse a ƙasa. Ya ja zanen baƙin mai a tsakiyar dogo. Ya dasa koren tsiro tsilli-tsilli a gindin rumbu. Sannan ya fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, ya bi da farin gam da aka tsinka da ruwa, ɗigo-ɗigo, har komai ya kama.

Wata bakwai ya yi yana wannan aiki da hannun da ba ya jin magana. Abu na ƙarshe da ya sa shi ne tarin kataki a bakin layi, da 'yar langa shuɗiya a kai wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ita kaɗai ta ci masa kwana huɗu, don sau tara tana suɓuce masa.

Mako biyu kafin buɗe ƙofa, aka kawo yankuna don Likita ya duba. Ya zo kan na Orest ya tsaya, ya zura tabarau, ya sunkuya.

"Orest, me ya zube a nan?"

"Ba abin da ya zube. Haka layin yake."

"Wannan baƙin fa?"

"Kwal ne da mai. Layin gefe ne, Likita. Ba a ɓata sabon dutse a layin gefe. Abin da babban layi ya gaji da shi ake zuba masa."

"Ciyawar fa? A tsakiyar dogo?"

"Ba ciyawa ba ce. Alkama ce. In ana loda tarago tana zubewa, in bazara ta zo ta tsiro."

Likita ya miƙe ya cire tabarau. Ya yi wani murmushi irin na mai shirin cire maka haƙori. "Ka ga, Orest, mutane za su zo da iyalansu. Abu mai kyau suke son gani, ba juji ba. Ban ga laifinka ba fa. Na san hannun ne. In hannu yana rawa dole aiki ya fito a hargitse. Ka bari baɗi, sai in taya ka mu share shi mu zuba mai tsabta."



Wallahi maganar nan ta soki Orest. Da datti kawai aka ce, da sauƙi. Amma a ce abin da ya zauna ya tsara da gangan, tabo bayan tabo, wai kuskuren hannu ne? Ya cusa hannuwansa a aljihu don kar a ga yadda karkarwar ta ƙaru.

Noreen ta buɗe baki za ta yi magana, don ita kaɗai ta san zancen Stella. Orest ya girgiza mata kai. Shi ba mutumin da zai sayi wuri da tausayi ba ne.

"To, Likita," ya ce. "Kai ne shugaba."

Baɗi! Likitocin Stella ma ba su yi masa alkawarin baɗi ba. Ya riga ya shirya da 'yarsu Larysa za ta kawo uwar ranar Asabar ɗin buɗe ƙofa da ƙarfe sha biyu daidai. Bai soke ba. Ya ce zai ajiye yankin a bayan a-kori-kurarsa, in sun zo ya buɗe mata ta gani a wajen ajiye motoci. Ba jirgi, ba kuka, amma dai ya fi babu.

Kuma bai daina zuwa ƙungiya ba. Ya zo ya yi shara, ya zo ya ja waya.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, ya tarar da Likita yana ƙarasa zuba tsakuwa a sabon yankinsa. Babbar tasha ce, shekara biyu yana gina ta, da mararraba huɗu. Mararraba ita ce inda layi ke rabuwa biyu. Akwai wani siririn ƙarfe mai motsi a wurin, muna ce masa harshe. Shi ke matsawa dama ko hagu ya nuna wa jirgi hanyar da zai bi.

Likita ya tsayar da harsunan a tsakiya, ya cika gefensu biyu da farar tsakuwa har baki, wai don kada ido ya ga rami. Ga sirinjin gam a hannunsa.

Orest ya ga abin. Ya yi kamar ya wuce, amma ƙafarsa ta ƙi.

"Likita, ka yi haƙuri. Tsakuwar nan ta yi yawa a wajen harshe."

"Ta yi daidai."

"A layin gaske ba ma barin dutse a nan. Ƙasa da katako muke tsayar da shi, mu share da tsintsiya. Dutse ɗaya kamar babban yatsa ya isa ya hana harshe rufewa. Ka kwashe kaɗan, ka ɗiga masa mai, kuma ka riƙa motsa shi har gam ɗin ya bushe."

Likita bai ko ɗago ba. "Orest, nan ba layin kamfani ba ne. Fasaha ake yi a nan, ba leburanci ba."

Ya matsa sirinjin. Farin gam ya malala cikin mararraba.

Orest ya ɗauki tsintsiyarsa ya ci gaba da shara.

To, ranar wanka dai ba a ɓoye cibiya.

Asabar da ƙarfe takwas na safe aka gama haɗa zobe. Ƙofa sai sha ɗaya za a buɗe. Matan coci sun kawo kofi da kek ɗin kirfa sun jera a baranda. Likita da kansa ya kunna jirgin gwaji, ya tsaya yana gyara wuyan riga.

Jirgi ya taho, ya wuce gonar wani, ya wuce gadar wani, ya shigo farar tashar Likita. Yana taka mararraba ta farko sai ji kake ƙarrr! Kan jirgin ya sauka daga layi ya kwanta a gefe, taragai uku suka bi shi.

Likita ya danna maɓallin juya harshe. Shiru. Ya sa yatsa ya tura. Ko motsi. Ya gwada na biyu, na uku, na huɗu. Duk sun daskare a tsakiya kamar an zuba musu siminti, ba su dama ba su hagu. Biyu daga cikinsu kuma a kan babban layi suke. Ma'ana, babu jirgin da zai zagaya zoben nan yau.

Fuskar Likita ta yi fari kamar tsakuwarsa.

Noreen ta tafa hannu. "Shi ke nan, magana ta ƙare! A kwance na Likita. Orest, naka yana mota, ko? Tsawonsu ɗaya. Minti ashirin mun ɗaura shi."

Mutum biyu har sun tafi neman sifana.

Jama'a, ku sa kanku a matsayin Orest. Abin da ya yi wata bakwai yana nema ga shi an miƙo masa a faranti. Bai roƙa ba, bai cuci kowa ba, har gargaɗi ya yi aka ƙi ji. Zuciyarsa ta buga da murna, ba zan ɓoye muku ba. Ya ga Stella a gaban rumbun Halbrook, jirgi yana wucewa.

Sai ya dubi Likita. Mutumin ya zauna a kan akwatin kayan aiki, ya zuba wa tasharsa ido, hannuwansa a kan gwiwa. Aikin shekara biyu ke nan. Ya gayyato ƙannensa tun daga birnin Regina. Kuma Orest ya san wani abu da sauran ba su tuna ba: farin gam yana sakewa in ya ji ruwan ɗumi.

Da ya yi shiru, ba wanda zai taɓa sani.

"Ku dakata da sifanar nan," in ji Orest. "Noreen, akwai ruwan zafi a butar kofi? Ki surka mini shi. Ki kawo auduga. Injin busar da gashinki yana mota?"

Noreen ta matso kusa da kunnensa mai ji. "Kai, Orest, kanka ɗaya kuwa? In ka gyara nasa, naka fa?"

"Na sani."

"Stella fa?"

"Na ce na sani, Noreen. Kawo ruwan."

Aka kashe wuta. Orest ya ɗiga ruwan ɗumi a kan harshen farko, ya rufe da auduga, suka jira. Da gam ɗin ya fara yin laushi, ya ɗauki tsinken ƙarfe zai fara tono. Hannun ya hau rawa. Tsinken yana ta bugun dogo, ƙas-ƙas-ƙas. Harshen nan kuwa siriri ne, in ya lanƙwashe an gama.

Ya ajiye tsinken. Ya juya.

"Likita, kayan aikinka na haƙori suna nan?"

Likita ya ɗaga kai kamar wanda aka tasa daga barci. "Suna cikin jaka."

"To taso. Ni ina da ido, kai kana da hannu. Inda na nuna, nan za ka tono."

Haka suka sunkuya, kai da kai. Orest yana cewa, "Wannan. A'a, na bayansa. Ciro shi. Kar ka taɓa harshen tukuna. Ƙasa kaɗan, sai ka ga saman katako." Likita yana tsince tsakuwa ɗaya-ɗaya, yadda ya yi shekara arba'in yana tsince abin da ya maƙale a haƙoran mutanen garin nan.

Noreen tana tsaye da fitila a kansu. "Buɗe baki da kyau, tasha. Ba zai yi zafi ba."

Ba wanda ya yi dariya sai Orest.

Can wajen ƙarfe tara da rabi harshen farko ya yi ɗan motsi. Likita ya sauke ajiyar zuciya. Bai ɗago ba ya ce, a hankali, "Me ya sa kake yin wannan? Da ka bar ni, da naka ya shiga."

"Shekara talatin da takwas ban taɓa wuce mararraba a maƙale na bar ta ba. Ba yau zan fara ba. Tono can, akwai saura."

Ƙarfe goma da kwata na biyun da ke kan babban layi ya saki. Noreen ta busar da wurin da injinta. Orest ya sa aka ɗiga mai, aka yi ta kai harsunan dama da hagu. Sha ɗaya saura minti ashirin da biyar aka mayar da wuta. Jirgi ya taho, ya shigo tasha, ya taka mararraba, ya wuce sumul.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Ana ta dukan kafaɗar Likita.

Orest ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita ba tare da kowa ya lura ba. Dusar ƙanƙara ta fara sauka kaɗan-kaɗan. Ya buɗe bayan motarsa yana ƙoƙarin kafa tamfol a saman yankin, don in Stella ta zo kar ƙanƙara ta jiƙa shi. Igiyar sai suɓuce masa take yi.

A ciki kuwa, Likita ya waiwaya. "Ina Orest?"

Noreen ta riƙe ƙugu. Ta yi mako biyu tana haɗiye maganar nan, yau kam ta ƙi haɗiyuwa. "Yana waje yana shirya wa matarsa juji. Ai haka ka kira shi, ko? Matar da ta yi shekara biyu ba ta san sunansa ba. Kukan jirgi kaɗai ke dawo da ita. Don ita ya gina shi, ƙauyensu ne. Ƙarfe sha biyu za a kawo ta a keken guragu ta kalle shi a cikin sanyin nan, ba jirgi ba komai. Da ya rufe bakinsa ɗazu, da yanzu nasa ne a nan. Ka ji abin da leburan ya yi maka."

Likita ya nufi ƙofa. Ya fita ko riga bai ɗauka ba.

Ya tarar da Orest yana kokawa da igiya. Ya tsaya a bayan motar ya dubi yankin. Wannan karon da gaske ya duba. Ya ga kafaɗar babban layi yadda ta gangara. Ya ga mararraba ɗaya tilo, tsakuwarta a ƙasa da katako, harshenta a share tas. Ya ga cewa duk baƙin nan, babu ɗigo ɗaya da ya faɗa inda bai kamata ba.

"Wannan farin tabon fa?" ya tambaya, muryarsa a ƙasa.

"Taɓo ne. Ruwa yana kwanciya a nan, in jirgi ya taka katako sai ya feso. Shekara goma sha ɗaya ina faɗa da wurin nan. Shi ya ci ni."

"Wannan shuɗin abin?"

"Langa ce."

"Orest, na ce hannunka ne ya ɓata aikin nan. Ƙarya na yi. Idona ne bai san layin dogo ba. Ka yafe mini."

"Ya wuce, Likita. Kama mini igiyar nan."

"Ba igiyar da zan kama. Kama wancan gefen, ciki za mu shiga da shi."

"Ba wuri."

"Akwai."

Ya leƙa ƙofa ya ɗaga murya. "Noreen! Ina sifanar nan? A kwance tashata."

Wani ya ce, "Haba Likita, yanzu fa aka gyara ta!"

"Na sani, ai da hannuna aka gyara. Ta jira baɗi. Ita ba ta da inda za ta."

Mutum shida suka taru. Aka zare farar tasha aka jingine ta a bango, aka zura Halbrook a gurbinta. Ana ɗaure ƙusa ta ƙarshe ana buɗe ƙofa.

Sha biyu saura minti biyar Larysa ta turo keken uwarta. Stella tana lulluɓe da bargo, tana kallon fitilun rufi, ba ruwanta da kowa. Mutane suka dare. Aka tsayar da ita daidai gaban rumbun alkama. Orest ya durƙusa a gefenta.

"Sannu, bawan Allah," ta ce masa.

Likita yana can gefe da akwatin tuƙi a hannu, idonsa a kan agogon bango. Hannun agogo yana hawa sha biyu ya saki jirgin kaya, ya danna kuka. Dogo biyu, gajere ɗaya, dogo ɗaya, yadda ake yi in an doso mahaɗar hanya.

Stella ta ɗaga kai.

Ta ga jirgi ya fito daga kwana. Ta bi shi da ido har ya zo gindin rumbu. Sai idonta ya sauka a kan baƙin layin gefe, da koren tsiron da ke tsakiyarsa.

"Alkama ta tsiro," ta ce. "Bazara ta yi ke nan."

Larysa ta toshe bakinta da hannu.

Stella ta matso da fuskarta. Ta miƙa yatsa wajen tarin katakan, ta tsuke baki. "Kun gani ko? Ya sake barin langar. Kullum sai na faɗa masa. Mutumin kirki ne, amma kansa kamar rariya."

"Haka yake," in ji Orest.

Ta juyo ta dube shi. Ya ɗora hannunsa a kan hannun keken, hannun yana ta rawa. Ta kalli hannun, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora nata a kai ta danne shi, yadda ta saba yi a teburin cin abinci shekara da shekaru.

"Injin nan zai kashe maka hannu, Orest. Na gaya maka ka bar wa yara." Ta leƙa fuskarsa. "Ka ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba, Stella. Ke nake jira."

Noreen mai bakin nan kuwa baranda ta fita tana share ido da hular sanyinta. Likita kuwa sai zagayo da jirgin yake yi, yana zagayowa, tabaransa duk sun yi hazo.

Ba zan ce muku Stella ta warke ba. Minti goma sha biyar ta yi tare da mijinta, suka yi hirar Halbrook, ta tambayi maƙwabtan da suka daɗe da rasuwa. Kafin yamma ta koma kiransa bawan Allah. Amma Orest ya ce shekara biyu yana neman minti ɗaya, aka ba shi sha biyar.

Bayan an tashi daga kallo, kowa yakan kwashe yankinsa ya kai gida. Wannan shekarar Likita ya sa aka bar ƙaramin zobe a ɗakin, da Halbrook a ciki. Duk Asabar da sha biyu Larysa takan kawo uwarta, Likita ne direba. Wata Asabar ɗin ta gane, wata ba ta gane ba. Orest dai ba ya fashi.

Farar tashar kuwa tana garejin Orest yanzu. Jiya na wuce na ji su. Likita yana riƙe da buroshi da kwalbar baƙin fenti, yana cewa, "Nan ma in sa?" Orest yana cewa, "Ƙara, Likita, ƙara. Kar ka ji tsoro. Jirgi ba asibiti ba ne."

Darasi: Kada ka raina sanin wanda ya yi aiki da hannunsa don kawai ba shi da takarda a bango, abin da kake kira datti wataƙila rayuwar wani ce. Kuma in wanda ya wulaƙanta ka ya faɗi a gabanka, ka ɗaga shi ko da faɗuwarsa riba ce gare ka, domin alheri ba ya ɓata hanya, yakan zagayo ya same ka. In labarin Orest ya taɓa ka, tura shi ga wani, musamman mai jinyar tsoho a gida, ya san cewa haƙurinsa ba a banza yake ba.